Koyar Da Turanci A Makarantunmu: Ina Gizo Yake Saƙa?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar fita sakandare ya fito, gidaje da yawa sukan shiga zaman makoki ba tare da an yi mutuwa ba. Yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya, ya ci Hausa da tarihi, amma ya faɗi Turanci. Shi ke nan ƙofar jami'a ta rufe masa a wannan shekara, domin kuwa ƙa'ida ita ce ɗalibi ya sami kyakkyawan sakamako a darussa biyar, kuma lalle Turanci ya kasance cikinsu. Haka nan a jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ɗalibi yakan zaɓi darussa uku gwargwadon abin da yake son ya karanta, amma na huɗun, watau Turanci, ba a shawara da kowa a kansa, dole ne. Sai uba ya sake neman kuɗin jarrabawa, yaro kuwa ya zauna gida yana kallon tsararrakinsa sun wuce.

Abin mamaki shi ne, wannan yaro ya yi shekara 6 a firamare da shekara 6 a sakandare, watau shekara 12 ke nan yana jin Turanci a bakin malamai. Amma ga ɗan'uwansa da ya sauka Agege ko Idi Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, yana sayar da goro ko albasa. Bai taɓa zama aji ba, ba a taɓa rubuta masa Yarbanci a allo ba, amma kafin shekara biyu za ka ji shi yana ciniki da Yarbanci, har yana ba'a da abokan ciniki. Ashe ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. To, ina gizo yake saƙa?

Masu karatu, amsar tana da rassa da yawa, akwai ta kuɗi, akwai ta cunkoson aji, akwai ta albashin malamai. Amma a yau so muke mu duba reshe guda wanda ba a cika tattauna shi ba, watau yadda shi kansa harshe ya ginu, da inda ginin Hausa da na Turanci suka dace, da inda suka saɓa. Malamin da bai san wannan ba, lalube yake yi cikin duhu.

Harshe Gini Ne Mai Hawa Huɗu

Masana ilmin harsuna sun nuna cewa duk harshen da ɗan Adam yake magana da shi, ko na mutum miliyan ɗari ne ko na ƙauye guda, bisa tsari ya ginu. Hawa na farko shi ne sauti, watau baƙaƙe da wasula waɗanda baki yake furtawa. Na biyu shi ne ƙirar kalma, yadda ake samun "makaranta" da "makaranci" da "karatu" daga tushe guda. Na uku shi ne ginin jimla, yadda ake jera kalmomi su ba da zance. Na huɗu kuwa shi ne ma'ana, da sanin abin da ya dace a faɗa wa wane, a wane wuri.

Wani masani mutumin Suwizalan mai suna Ferdinand de Saussure, wanda aka tattara laccocinsa aka buga a 1916 bayan rasuwarsa, ya bayyana cewa darajar kowane sauti a harshe tana fitowa ne daga bambancinsa da sauran sautuka. Bahaushe ya san wannan sarai. "Kafa" daban, "ƙafa" daban. "Bari" daban, "ɓari" daban. Baturen da ya zo koyon Hausa ba ya jin wannan bambanci da farko, domin kunnensa bai saba da shi ba. Mu ma haka muke da wasu sautuka na harshensa.

Yaron Kano ko Katsina ko Sakkwato ɗan shekara biyar ya riga ya mallaki wannan gini tun daga tushe har soro. Ba za ka ji ya ce "rana ya faɗi" ba, sai dai "rana ta faɗi", alhali ba wanda ya taɓa koya masa nahawu. Idan ya shiga aji, da wannan gini yake shiga, kuma a kansa zai ɗora duk wani sabon harshe. A 1957 wani malami a Amurka mai suna Robert Lado ya wallafa littafi inda ya ce, abin da ya yi kama da harshen mai koyo zai zo masa da sauƙi, abin da ya saɓa kuwa zai ba shi wuya, saboda haka wajibi ne malami ya kwatanta harsunan biyu kafin ya tsara darasi. Daga baya masu bincike sun gano ba kowane kuskure ne yake fitowa daga harshen uwa ba. Alal misali, ɗan Bature ma yakan ce "goed" maimakon "went" lokacin da yake ƙarami. Duk da haka, shawarar Lado tana nan da amfaninta, musamman wajen furuci.

Baƙaƙe Da Wasula

Turanci yana da haruffa 26 a rubuce, amma a baki sautukansa sun kai 44 a karin Ingila, baƙaƙe 24 da wasula 20. Hausa ta fi Turanci yawan baƙaƙe, tana da talatin da 'yan kai, cikinsu har da ɓ da ɗ da ƙ da ts da 'y waɗanda Bature ba ya da su. Amma akwai 'yan sautuka da suke cikin Turanci waɗanda babu su a Hausa, kuma a nan ne ake gane ɗan Arewa da zarar ya buɗe baki.

Na farko shi ne rikicin "p" da "f". A Hausa waɗannan ba baƙaƙe biyu ba ne, guda ne, kuma da leɓɓa biyu ake furta shi. Shi ya sa wani zai ce "fari", wani a ƙasar Sakkwato ya ce "hwari", kuma ma'anar ba ta sake ba. Dubi kalmomin da muka aro: fensir, fasinja, famfo, fakiti, firamare. Dukkansu da "p" suka fara a Turanci. To, a Turanci kuwa "pan" daban, "fan" daban, haka "pull" da "full". Maganin wannan ba wuya. Malami ya nuna wa yara cewa wajen furta "p" leɓɓa biyu ake rufewa ruf sa'an nan a sake su da ƙarfi, wajen "f" kuwa haƙoran sama ake ɗorawa bisa leɓen ƙasa a hura iska. Ya ba kowane yaro 'yar takarda ya riƙe gaban bakinsa, zai ga tana tsalle idan ya furta "p" daidai. Haka kuma "v" take komawa "b" a bakinmu, kamar yadda muke cewa direba da talabijin da bidiyo, har "vote" da "boat" su zama abu guda. Ita ma da haƙori da leɓe ake furta ta.

Na biyu shi ne sautin da ake rubutawa "th". Bahaushe yakan mai da shi "s" ko "z", sai "think" ta zama "sink". Bayarabe da Ibo kuwa sukan mai da shi "t" ko "d". Saboda haka kada wani ya yi wa wani dariya, kowa da inda harshen uwarsa ya ja shi. Abin da ake bukata kawai shi ne a ɗan fito da kan harshe tsakanin haƙora.

Wajen wasula ne aikin ya fi yawa. Hausa tana da wasula biyar, a, e, i, o, u, kowane da gajere da dogo, sa'an nan ga "ai" da "au". Kalmomin Turanci huɗu, "hat" da "hut" da "heart" da "hurt", kowace da wasalinta daban a bakin mutumin Ingila, amma a kunnen ɗanmu duka kusa da "a" suke faɗawa. Sai an yi ta maimaita masa su biyu-biyu kafin kunnensa ya rarrabe, kuma sai kunne ya rarrabe sa'an nan baki zai iya. Amma a nan Bahaushe yana da wata garaɓasa. Tun da ya san bambancin "gari" na mutane da "gari" na tuwo, watau gajeren wasali da dogo, ba ya shan wahala ƙwarai wajen raba "ship" da "sheep" ko "full" da "fool", inda 'yan'uwanmu na Kudu da yawa sukan yi tuntuɓe.

Sai kuma ƙirar gaɓa. Kalmar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, kuma yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Turanci kuwa yakan jera baƙaƙe uku a farkon kalma, kamar a "strong" da "spring". Da Bahaushe ya ci karo da irin wannan sai ya cusa wasali a tsakani. Ta haka muka sami burodi da buroshi da birki da sitiyari. Wannan daidai ne idan Hausa ake yi, domin kalmomin sun riga sun zama namu. Idan Turanci ake yi kuwa, dole malami ya hori bakin yara su bar cusa wasalin.

Har ila yau akwai karin sauti. Hausa tana bambanta kalmomi da hawa da saukar murya, kamar "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, ko "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Turanci ba haka yake ba, shi gaɓa guda ake dannawa da ƙarfi a kalma, a sassauta sauran. Kalmar "record" idan aka danna gaɓar farko suna ce, idan aka danna ta biyu ta zama aikatau. Wanda ya ba kowace gaɓa ƙarfi daidai wa daida, ko da baƙaƙensa da wasulansa sun fita, baƙo zai sha wuya kafin ya gane shi.

Rubutu Mai Yaudara

Rubutun boko na Hausa mai gaskiya ne, yawanci yadda aka rubuta haka ake karantawa. An yi aiki a kansa tun zamanin Hukumar Fassara da ƙamus ɗin Bargery na 1934, har zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Yaron da ya san haruffa zai iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Turanci kuwa ba ya da wannan amana. Dubi "though" da "through" da "tough" da "cough", ƙarshensu ɗaya a takarda, amma a baki kowace da nata furucin.

Dalilin wannan yana cikin tarihi. A 1066 Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, kalmomin Faransanci suka kwararo cikin Turanci da irin nasu rubutun. A 1476 William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, rubutu ya soma tsayawa wuri guda, alhali a daidai wannan zamani furucin dogayen wasula yana ta sauyawa a bakin mutane. Baki ya yi gaba, alƙalami ya tsaya. Saboda haka yaron da ya rubuta kalma yadda ya ji ta ba daƙiƙi ba ne, hankali ya bi. Sai dai a nuna masa cewa a Turanci akwai ƙa'idojin da ake bi, akwai kuma kalmomin da sai an haddace siffarsu.

Ginin Jimla

A nan ma akwai inda muka yi sa'a. Hausa da Turanci duka suna fara jimla da mai aiki, sa'an nan aikin, sa'an nan wanda aikin ya faɗa wa. "Audu ya sayi doki" da "Audu bought a horse" jeri guda ne. Ɗan Barebari ba ya da wannan sauƙi, domin a harshensa aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa. Haka kuma, tun da Hausa ta raba "ya" da "ta", ɗan Bahaushe ba ya rikita "he" da "she". Yarbanci da harshen Ibo ba su raba namiji da mace a wakilin suna ba, shi ya sa yaransu sukan daɗe suna fama da wannan.

Amma ga inda hanya ta rabu. A Hausa ba a cewa "Audu zo", dole a sa "ya" ko "yana" ko "zai" ko "yakan". Wannan 'yar kalma ita ke ɗauke da lokaci, shi kuwa aikatau ba ya nuna jiya ko gobe da kansa. Turanci a jikin aikatau yake sa alamar, "go" ta koma "went" ta koma "gone". Kuskure biyu ne suke fitowa daga nan. Yaro yakan rubuta "Audu he came", domin yana neman gurbin "ya". Sa'an nan yakan rubuta "yesterday I go", domin a ganinsa tun da ya ce jiya ai magana ta ƙare. Malamin da ya san tushen kuskuren zai warware shi cikin darasi ɗaya ko biyu. Wanda bai sani ba kuwa sai ya yi ta jan layi da jan alƙalami har shekara ta ƙare.

Haka nan muna cewa "ina da kuɗi", "ina jin yunwa", "ina son ruwa", duka da "ina". Yaro ya koyi cewa "ina" ita ce "I am" da "-ing", sai ya rubuta "I am having money". Ba wanda ya gaya masa cewa akwai rukunin aikatau na Turanci, irin na mallaka da sani da so, waɗanda ba kasafai suke karɓar wannan siga ba.

Tambaya da korewa su ma suna da nasu rikicin. Bahaushe yakan ɗaga murya kawai, ko ya sa "shin" ko "ko", jimla ta zama tambaya. Bature sai ya juya kalmomi ko ya jawo "do" ya sa a gaba. Mu muna da "ba" guda biyu da muke kewaye zance da su, shi kuwa sai ya nemi mataimakin aikatau ya liƙa masa "not". Sa'an nan ga 'yan kalmomin nan "a" da "the". Hausa tana da abin da ya yi kusa da su, watau "wani yaro" da "yaron", amma muna iya cewa "na ga doki" haka kawai, Turanci kuwa bai yarda da doki tsirara ba, sai an sa masa ɗaya daga cikinsu. A wajen jam'i, Hausa ce ta fi wuya nesa ba kusa ba, dubi gida da gidaje, doki da dawaki, mutum da mutane. Turanci yawanci "s" kawai yake ƙarawa. Matsalar ita ce akwai kalmomin da ba a ƙidaya su, irin "advice" da "furniture" da "information", yaranmu kuwa sukan liƙa musu "s" su ma.

Ma'ana Da Al'ada

Hawa na huɗu shi ne ya fi zurfi, domin kowane harshe da yadda ya yanka duniya. Kalmar "ji" guda a Hausa ta ɗauke jin sauti da jin wari da jin zafi da jin ɗanɗano da jin harshe, Turanci kuwa kowane da kalmarsa. Shi ya sa za ka ji an ce "I am hearing the smell". Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan taba, muna shan lemo, muna shan iska, a Turanci kowane da aikatau daban. "Ara mini" takan koma "borrow me", alhali Turanci ya raba mai bayarwa da mai karɓa da kalmomi biyu. Wanda ya tashi zai fita ya ce "I am coming", "ina zuwa" yake fassarawa, ɗan Nijeriya ya gane shi, baƙo kuwa sai ya yi ta kallon ƙofa.

Wani wurin kuma Hausa ce take rarrabewa inda Turanci ya dunƙule. Muna da wa da ƙane da ya da ƙanwa, muna da kawu da baffa da gwaggo da inna, Bature kuwa "brother" da "sister" da "uncle" da "aunt" kawai yake da su. Muna da kai da ke da ku, har mukan ce wa babba "ku" don girmamawa, shi kuwa "you" guda ce tal ga sarki da yaro. Wannan yana nuna mana cewa ba wani harshe da ya fi wani hankali. Ya kamata malami ya riƙa nuna wa yara irin wannan, don su daina ganin harshensu kamar wani naƙasasshen abu.

Da Wane Harshe Za A Fara?

Wannan gardama ta girme mu duka. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa. A zamanin Turawa yaro yakan yi elementare da Hausa, sai ya shiga midil sa'an nan Turanci ya kankama. Ta wannan hanya aka bi aka sami ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda ta soma aiki a 1921, irin su Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda duniya ta yaba wa Turancinsa, da Sir Ahmadu Bello, da Alhaji Abubakar Imam. Amma kada mu manta, ɗaliban ƙalilan ne zaɓaɓɓu, malamansu kuwa ƙwararru.

A 1953 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto mai cewa harshen uwa ne ya fi dacewa a fara koyar da yaro da shi. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka soma gwada wannan a aikace. Suka ware wasu yara aka koya musu dukkan darussa da Yarbanci har shekara 6, Turanci kuwa aka koya musu shi a matsayin darasi a hannun malamin da aka horar musamman. Abin da aka samu shi ne yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun nuna ƙwazo a sauran darussa.

A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, yara suka yi ambaliya cikin makarantu fiye da yadda aka tanadar musu malamai. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko harshen yankin, daga baya a koma Turanci. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita wannan har shekara 6 na firamare. Amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan manufa, aka ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe, bisa hujjar yawan faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Masana da yawa sun ƙi yarda da wannan hujja, suna cewa ai ba a taɓa tanadar littattafai da malaman da za su aiwatar da manufar yadda ya kamata ba. Wani abin lura kuma shi ne, yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai ko gama firamare ba a 2025, balle a ce ya zauna jarrabawar fita sakandare.

Mu dai a namu ganin, ko wace manufa aka rubuta a Abuja, yaron da ya fito daga gidan da ba a yin Turanci da Hausarsa zai yi tunani a aji. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Darasin da ke cikin gwajin Ife shi ne, abu biyu aka haɗa, fahimta da harshen gida, da ƙwararren malamin Turanci. Wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya bai gama aiki ba.

Abin Da Ya Kamata A Yi

An gwada hanyoyi da yawa na koyar da baƙon harshe. Akwai tsohuwar hanya ta haddace nahawu da fassara. Akwai hanyar kai-tsaye wadda makarantun Berlitz suka yaɗa daga Amurka tun 1878, inda ba a yin kowane harshe a aji sai wanda ake koyo. Akwai hanyar maimaici wadda ta bunƙasa bayan sojojin Amurka sun bukaci koyon harsuna da gaggawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga shekarun 1970 kuma aka karkata ga hanyar sadarwa, watau a sa ɗalibi ya yi amfani da harshe wajen biyan bukata ta ainihi. Kowace tana da nata alherin. Abin takaici shi ne a yawancin azuzuwanmu malami yakan cika allo da ma'anar suna da aikatau, yara su kwafa su haddace, a tashi ba wanda ya furta jimla guda ta kansa. Mai goron Agege kuwa ya iya Yarbanci ne domin kullum yana ji yana yi, in ya yi kuskure a yi dariya a gyara masa, ciniki ya ci gaba.

Saboda haka, shawara ta farko ga malamai ita ce a bi tsarin da kowane yaro ya bi wajen koyon harshen uwarsa: ji, sa'an nan magana, sa'an nan karatu, sa'an nan rubutu. A shigo da kasuwa da tasha da asibiti cikin aji, wannan ya zama mai saye wancan mai sayarwa. Ta biyu, malami ya ajiye littafi yana rubuta kurakuran da suka fi yawa a ajinsa, ya nemi tushen kowane, ya gyara su ɗaya bayan ɗaya. Ta uku, a bar al'adar nan ta cin tarar yaro ko yi masa bulala don ya yi Hausa a makaranta. Yaron da aka tsorata shiru zai yi, wanda ya yi shiru kuwa ba zai koyi kowane harshe ba. Minti biyu na bayani da Hausa yakan warware abin da za a yi mako ana kewaye-kewaye a kansa.

Ga kwalejojin horar da malamai da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ya kamata duk wanda zai koyar da Turanci a ƙasar Hausa ya san nahawun Hausa da tsarin sautinta. Kayan aikin suna nan. Akwai ƙamus ɗin Turanci da Hausa na Neil Skinner na 1965, da littafin nahawun Hausa na Farfesa M. K. M. Galadanci na 1976, da ƙamus ɗin Paul Newman da Roxana Ma Newman na 1977, ga kuma tarin binciken da jami'o'inmu suka yi tun daga wancan lokaci.

Ga iyaye kuma, ko ba ku jin Turanci kuna da abin yi. Ku tabbata yaro ya iya karatun Hausa sosai, domin wanda ya gane yadda harafi yake zama sauti a harshensa ya riga ya yi rabin tafiya. Ku saya masa ƙananan littattafan labarai na Hausa da na Turanci, ku sa shi ya saurari labarai a rediyo da harsunan biyu, ya gaya muku abin da ya ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daɗa, ba wanda ya ce sai ɗanmu ya yi magana ta hanci kamar haifaffen Landan. Turancin Nijeriya ya riga ya sami gindin zama. A 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga ƙasar nan, cikinsu har da danfo da okada da Kannywood, daga baya kuma suya ta bi sahu. Abin da ake nema shi ne yaro ya yi magana a gane shi a Kano da Ikko da Accra da Landan, ya karanta takarda ya fahimta, ya rubuta wasiƙa ko amsar jarrabawa ba tare da ya nemi wani ya taya shi ba. Shekara 12 sun isa a cim ma wannan, in dai malamin da ke gaban allo ya san harshen da yaro ya zo da shi daga gida da kuma wanda ake son ya koya.